Na cire Prometheus, namespace ya ƙi gogewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A wurin aikinmu nan Damagaram na girka kube-prometheus-stack (ƙunshin Prometheus, mai sa ido kan manhajoji) da Helm (kayan aikin girka manhaja) a kan Kubernetes (tsarin da ke tafiyar da manhajojinmu). Da faifai ya cika, na cire shi da helm uninstall don in sake girkawa, na goge namespace ɗin monitoring (sashen da na girka shi a ciki). Tun lokacin namespace ɗin ya tsaya cak a Terminating (matakin gogewa). CRD ɗin (sababbin nau'ikan abubuwa da ƙunshin ya ƙara wa Kubernetes) suna nan daram, ina tsoron goge su, tunda ServiceMonitor (saitin da ke nuna wa Prometheus abin da zai sa wa ido) na sauran manhajojinmu za su tafi tare da su. In cire finalizer (alamar da ke hana goge abu sai an gama tsaftace shi) da hannu ne, ko akwai abin da zan fara dubawa? Ba Alertmanager (mai tura saƙon gargaɗi) yanzu, ko manhaja ta faɗi cikin dare ba saƙon da zai iso wayata. Don Allah ku taimaka.