Wa ya taɓa kama masu shan wifi ɗinsa a ɓoye?

Mai Shagon Kwafi: Salamu alaikum jama'a. Watan jiya datar da kan kai mu wata guda ta ƙare a kwana 9. Da yarona ya shiga shafin rauta, waya 14 muka tarar a kai, alhali mu uku ne a shagon. Kalmar sirrin kuwa lambar wayata ce, ga ta nan ɓaro-ɓaro a allon ƙofa. Akwai wanda ya taɓa cin karo da haka?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, naka da sauƙi, data kawai aka sha. A makarantar da nake koyarwa, wanda ya sa mana kyamarori tafiyarsa ya yi ya bar su da suna da kalmar sirri admin/admin, yadda suka zo a kwali. Wani ɗalibi ne ya nuna wa shugabarmu ofishinta a wayarsa, tana zaune tana cin ƙosai. Ranar kamar ƙasa ta tsage mu shige.

Injiniya: Hajiya, wannan sakacin ne ya yi wa Mirai, wata muguwar manhajar kutse, rana a 2016. Kalmomin sirri na kamfani kimanin 60 kawai take gwadawa, ta kame kyamarori da rautoci birjik, aka yi wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, taron dangi da su, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka. Malam, bayan ka canja kalmar, ka kashe WPS, wato hanyar shiga wifi da lambar PIN maimakon kalmar sirri. Lambobi 8 ne, amma rabi-rabi rauta ke duba su, don haka gwaji 11,000 ya isa a fasa. Tun 2011 aka gano haka. Ni da kaina na gwada a tsohuwar rautar gidanmu, kafin asuba ta buɗe. A tsarin kulle wifi ka zaɓi WPA2 ko WPA3, kwastomomi kuma ka ware musu layin baƙi.

Akawu: Mu ta filashin wani kwastoma bairos ya shigo mana, ya bi wayar da ta haɗa kwamfutocinmu ya kulle kwamfuta huɗu. Faifan da muke ajiye kwafin takardu yana jone, shi ma ya tafi. Yanzu a aljihun tebur yake kwana.

Mai Shagon Kwafi: Na gode, Injiniya, duk na yi. Ko awa ba a yi ba mai shayin gefenmu ya leƙo, wai lafiya sabis ɗinmu yau?