Neman kalma: me za mu kira shaƙuwar tsoho da inda yake zaune?

Jama'a, masana harshe, ku zo mu yanke magana a kan abin da masu bincike ke kira place attachment da Turanci, wato yadda zuciyar mutum ke manne wa wurin da yake zama. Ina rubutu ne a kan dattawan tsibiran Antil na Karibiyan, mutanen Kurasawo, Aruba da Bonaire da suka tsufa a ƙasar Holan.

Da yawansu sun tafi ne bayan 1985, shekarar da aka rufe matatar mai ta Lago a Aruba, kamfanin Shell kuma ya janye daga matatar Kurasawo. Aiki ya yi wuya. Da yake fasfo ɗin Holan ne a hannunsu, ba su buƙatar biza, sai suka yi ta kwarara Rotadam da Amstadam. Yau matasan wancan lokaci sun yi furfura.

Ku ɗauki tsohuwa guda a kudancin Rotadam. Da jikokinta Holanci take yi, amma addu'a da faɗa sai da Papiyamentu, harshen tsibiransu. Ranar Asabar tana kasuwar Afrikaanderplein tana taya kifi, ta dawo ta tuƙa funci, tuwon masararsu. Likitanta ya san ciwon gwiwarta, maƙwabciya na riƙe mata makulli. Kullum tana zancen komawa tsibiri, amma a ce za a sauya mata unguwa kawai, sai barci ya gagare ta. Lafiyar jikinta da kwanciyar hankalinta suna rataye da wurare biyu a lokaci guda. Wannan halin nake nema wa suna.

An ba ni "kewar gida". Kewa sai abin da ba ya kusa, ita kuwa tana cikin unguwar da take ƙauna. "Kishin ƙasa" ya tafi siyasa. "Sabo" ya matso, sai dai mutum yana sabawa har da abin da ba ya so, shi ya sa aka ce sabo turken wawa. Ba zan ɗora wa dattawan nan wannan ba.

Shaƙuwa ce ta dace. Akwai daɗewa a cikinta, akwai so, kuma mutum yana iya shaƙuwa da biyu ba tare da ya ci amanar ɗaya ba. To amma "shaƙuwa da wuri" tana da tarko: mai karatu zai ɗauka ana nufin shaƙuwa cikin gaggawa, kamar a ce an tashi da wuri. "Muhalli" kuma masu zancen sauyin yanayi sun riga sun mamaye ta.

Don haka na tsaya a kan "shaƙuwa da mazauni". A gwada a jimla: shaƙuwa da mazauni tana ƙara wa tsofaffi walwala, raba su da shi kuma yana karya su.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, da na Zango a Gana, haka ta zauna a bakinku, ko kuna da wadda ta fi ta?