Takardun kwangilar rijiyar unguwarmu: wa zan tambaya, kuma ta yaya?

Ɗan Bakin Kasuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan aikin gwamnati. Garinmu ƙarami ne, hedikwatar ƙaramar hukuma ce a nan Arewa. Bara aka zo unguwarmu aka haƙa rijiyar burtsatse mai sola, aka kafa ƙarafan da za a ɗora tanki, aka zuba dandamalin famfuna da siminti. Daga nan ɗif, ba mu sake ganin ɗan kwangilar ba. Ba tanki, ba faranti ko ɗaya na sola, bakin rijiyar ma da buhun siminti aka toshe shi. Allon sanarwar da suka kafa rana da ƙura sun cinye rubutun. Mata sun koma sayen ruwa hannun 'yan garuwa kamar da.

Ni ne sakataren ƙungiyar unguwa, sai aka ɗora mini bin maganar. Na je sakatariya, aka ce in tafi sashen ayyuka. Can aka ce oga ya tafi miting. Wani da ke zaune a bakin ofis yana cin gyaɗa ya dube ni ya ce, "Kai a wa za a nuna maka fayil?" Ba rigima muke nema ba. So muke mu san nawa aka ware, wa aka ba aikin, nawa aka biya shi, kuma ko a takarda an rubuta cewa an kammala. Talaka yana da hurumin ganin irin waɗannan takardu kuwa? In yana da shi, ta ina zan fara?

Baba Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, a rijistirin ƙaramar hukuma na yi aiki har na ajiye, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona. Maganar baki ba ta shiga fayil. Ko kullum kake zuwa kuna gaisawa, ranar da aka tambaya za a ce ba a taɓa ganinka ba.

Ka rubuta wasiƙa zuwa ga Ciyaman, ka yi kwafi biyu, ka kai rijistiri da kanka. Kada ka miƙa wa masinja a tsakar gida, kada ka ba kansila ya kai maka. Ka tsaya a buga sitam a kan kwafinka, a rubuta kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu. In ya ce ka bar ta za a duba, ka ce cikin ladabi za ka jira. Wannan kwafin shi ne shaidarka, ka ɗauke shi hoto da waya tun kafin ka fita ƙofa.

Sannan ka san abin da kake roƙo. In ka rubuta "duk bayanan da suka shafi rijiya", ka ba su hanyar tsira, takarda ɗaya za su yago maka su ce shi ke nan. Ka ambaci kowace da sunanta: takardar ba da kwangila, lissafin kayan aiki da farashinsu, baucocin biyan kuɗi, da takardar shaidar kammala aiki in an bayar. Su ma ba wuri ɗaya suke ba. Fayil ɗin kwangila yana sashen ayyuka, bauca tana wajen ma'aji, amincewar kashe kuɗin kuma tana cikin bayanan zaman kwamitin kuɗi da muke kira F&GPC. Sau da yawa a nan ake gano bakin zaren, sai ka ga injiniya ya sa hannu an kammala alhali ma'aji rabi ya biya, ko kuwa an biya duka ba wanda ya je ya duba.

Kada ka saka zargi a wasiƙar. Da zarar an ga kalmar "an cinye kuɗi", kowa zai janye hannunsa. Kuma ka guji Juma'a, kafin azahar ofis ya watse. Allah ya ba da sa'a.

Barista Maman Ilham ta amsa:

Baba ya gama magana ta fuskar aiki, ni zan ƙara ta fuskar doka. Malam, amsar wancan mai gyaɗar tana cikin Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Sashe na 1 ya ce kowa yana da ikon neman bayanan da ke hannun hukuma, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ko ya nuna abin ya shafe shi ba.

Hukuma tana da kwana 7 ta amsa. Za ta iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, amma sai ta sanar da kai a rubuce. In za ta hana, dole ta rubuto dalili da sashen dokar da ta dogara da shi. In ta yi gum har wa'adi ya wuce, doka ta ɗauka ta hana ka ke nan, kuma kana da kwana 30 ka kai ƙara babbar kotu. A can ita hukumar ce za ta kawo hujjar hanawa, ba kai ba. In kotu ta ga an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Wanda kuma ya lalata takarda ko ya jirkita ta da gangan, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Kuɗin da za su nema wajenka bai wuce na kwafe takardu ba, shi ma ka karɓi rasit.

Za ka iya cin karo da wanda zai ce maka, "Ai wannan dokar ta tarayya ce, jiharmu ba ta karɓe ta ba." Shekaru aka yi ana wannan ja-in-ja, har a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Akure ta ce dokar ta hau kan jihohi, ta Benin ta ce ba ta hau ba. Kotun Ƙoli ta raba gardamar a watan Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, inda ta ce dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Ka ambaci wannan a layi ɗaya cikin wasiƙarka.

Akwai abin da za su iya riƙewa da hujja, kamar bayanan sirrin mutum ko sirrin kasuwancin kamfani. Amma ba za a fake da wannan a hana fayil gaba ɗaya ba, sai dai a rufe wurin a ba ka sauran. Adadin kuɗin kwangila da sunan kamfanin da aka ba, a ganina ba su da wata mafaka.

Na Ƙofar Gabas ya amsa:

Ni dai ba na son ka sha wahalar banza. Kafin ka ɓata tawada, ka tabbata aikin na ƙaramar hukuma ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan rijiyoyin masu sola ayyukan mazaɓu ne na 'yan majalisar tarayya, ana cusa su cikin kasafin kuɗin wata hukumar tarayya, sau da yawa hukumomin raya kogunan nan. In haka ne, sakatariya ba ta da ko fallen takarda, kuma ba wanda zai gaya maka, za su bar ka kana safa da marwa. Ka koma wajen allon nan da ruwa da tsumma, ko ka je da sassafe rana tana haska shi a karkace, sau tari rubutun yana fitowa. Kasafin tarayya kuma yana intanet, ka nemi sunan garinku a ciki. Masu shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin kuɗi ma wannan ne aikinsu, bin ayyukan mazaɓu.

Abu na biyu, da girmamawa ga Barista, kotu sai mai kuɗin lauya da haƙuri. Kuma a ƙaramin gari kowa ya san kowa, wanda za ka kai ƙara wataƙila surukin yayanka ne. Kada ka sa hannu kai kaɗai. A yi ta kan takardar ƙungiya, shugaba da sakatare su sa hannu, a kai wa mai unguwa da hakimi kwafi don kada su ji a bakin wani.

Ɗan Bakin Kasuwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na Ƙofar Gabas ka canka. Mun wanke allon, sunan wata hukumar tarayya ne a sama, a ƙasa kuma an rubuta ɗan majalisar da ya kawo aikin, sunan kamfanin ne kawai ya goge rabi. Barista, yanzu wasiƙar dole da Turanci za a yi? Kuma ita sakatariya mu ƙyale ta?

Barista Maman Ilham ta amsa:

Tunda ofishin tarayya ne, ku yi da Turanci don kada a ajiye ta a ce ana neman mai fassara. Wanda bai iya rubutu ba ma, Sashe na 3 ya yarda wani ya rubuta masa, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi. Ku aika wa shugaban hukumar, in ba mai zuwa da kansa ku tura ta kamfanin aika saƙo ku ajiye rasit ɗin isarwa, daga ranar da ta isa ake fara ƙirgen kwana 7. Sakatariya kuma ku ba ta gajeriyar wasiƙa daban, ku tambaya ko an taɓa miƙa mata aikin a rubuce. In kun haɗa, ka liƙo rubutun a nan ba tare da sunaye ba in duba muku kafin ku aika.