Neman shawara: Ɗana na son karatun tuƙin jirgi, ana so in tsaya masa a bashi

Baban Yusuf:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 14 ke nan ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, tuƙin mota nake yi. Babban ɗana ya gama sakandare, ya samu gurbi a kwalejin al'umma ta shekara biyu, sashen tuƙin jirgin sama. Kuɗin aji da sauƙi. Kuɗin hawa jirgin ne ya tayar min da hankali: hayar jirgi, mai, ladan malami, duk da awa ake biya, jimilla ta haura dala dubu 80. Jiya da daddare ya ajiye min takardar banki kusa da kwanon tuwona, ya ɗora yatsa a layin da zan sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Wallahi ban runtsa ba. Ƙannensa uku suna tafe, kuma ba na so in karya masa gwiwa. Albashin matuƙi zai biya wannan bashin kuwa?

Kyaftin:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ta wannan hanyar na bi. Kafin ka kashe ko sisi, kai shi wurin likitan da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta amince da shi, ya nemi takardar lafiya ta ajin farko. Matsalar ido ko zuciya kaɗai tana iya rufe ƙofar.

Sai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Ranar da ya gama kwaleji, awanninsa a sama ba za su wuce 250 da ɗoriya ba, alhali kamfanin jirgin fasinja sai mai awa 1,500, dokar da ta fara aiki a 2013 bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan kusa da birnin Bafalo a 2009. Idan FAA ta amince da tsarin kwalejin, mai digirin shekara biyu yana iya shiga da awa 1,250 yana ɗan shekara 21. Ka tambaye su wannan, su ba ka a rubuce. Ragowar awa dubun nan da koyarwa ake tara su, shekara ɗaya da rabi ko biyu, kuma sai an tashi ake biyan ka. Na tuna wani hunturu da na yi kwana tara ina zaune a ofis ina kallon hazo ta taga, ɗalibai suna ta soke darasi, takardar banki kuwa ta iso a kan lokacinta. A nan bashi yake shaƙe mutum. Daga 2022 ƙananan kamfanoni sun ɗaga albashin mataimakin matuƙi zuwa wajen dala 90 a awa, ana lissafa masa kamar awa 75 a wata. Kuɗi ne mai kyau. Amma a 2024 ɗaukar ma'aikata ya ja baya, masu awa 1,500 suka yi ta jira.

Maman Hanifa:
Yaya, kada ka fara da banki. Ku cike FAFSA tukuna, wato fom ɗin neman tallafin karatu daga gwamnati, mai katin zama na dindindin ma ya cancanta. Tallafin gwamnati da ake kira Pell kyauta ne, yana kaiwa dala 7,395 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi. Bashin gwamnati kuma ga ɗalibin da ke hannun iyayensa dala 5,500 ne a shekarar farko, 6,500 a ta biyu. Ka ga ba zai isa ba, shi ya sa suke tura ku banki. Sa hannunka yana nufin ranar da yaro ya kasa biya, kai za a bi, ko ya gama karatun ko bai gama ba.

Malam Abba:
Ni damuwata riba ce, Alhaji. A cikin bashin gwamnatin akwai kason da ita take biyan kuɗin ruwansa muddin yaro yana karatu, har wata shida bayan ya gama. Na banki kuwa ruwansa yana fara hawa daga ranar da aka fitar da kuɗin. Ka kai wa limaminku takardun biyu ya duba kafin ka yanke.

Injiniya:
Ko Yusuf zai yi gyaran jirgi tukuna? Shekara biyu ne ko ƙasa da haka, kuɗinsa bai kama ƙafar na tuƙi ba, ana kuma neman makanikai. Yana aiki yana biyan awanninsa da kaɗan-kaɗan.

Baban Yusuf:
Allah ya saka da alheri. Na karanta masa amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan kwana taran Kyaftin sai ya yi shiru, ya ɗauki biro ya fara lissafi a bayan takardar. Maganar gyara bai yarda ba tukuna. Mun samu ganin likita ranar Talata, lasisin farko kuma da kuɗin adashina na watan gobe za mu fara shi. Takardar bankin tana cikin durowa. Kyaftin, idan ba damuwa, Yusuf yana so ya kira ka ranar Lahadi bayan la'asar.