Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali: abin da matan Garwa suka faɗa

A wajen wani suna a Garwa hira ta kai mu kan tukunyar nan ta lantarki da ke dafa nama a hankali, kowa ta kawo abin da ta sani.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan naman da ya dace da ita: mai tauri da jijiya, irin ƙafar sa, wutsiya, kan rago da ganda. A ƙaramar wuta awa 7 zuwa 8, a babba awa 4, sai ka ga nama yana zamewa daga ƙashi da kansa. Wata Hajiya ta ce tana soya naman sama-sama da albasa kafin ta zuba, ni ma na gwada, ƙamshin ya fi. Ruwa kaɗan ya isa, tunda murfin yana mayar da tururi, kuma kada a cika ta fiye da kashi 2 cikin 3. A daina yawan buɗewa, zafi ne ke tsiyayewa.

Inda aka fi daɗewa shi ne ɗauke wuta, kuma nan ne hankalina ya fi tashi, don akwai yara. In kina gida aka ɗauke, ki juye a tukunya ki ƙarasa a gawayi nan take. In kin dawo kin tarar ta huce, naman bai nuna ba, zubarwa za a yi ko da ranki ya sosu. Naman firiza kuwa sai ya saki tukuna.

Wadda aka aiko wa tukunyar daga Amurka sai ta duba: tasu ta volt 120 ce, wutarmu 220.