"Albasa ba ta yi halin ruwa ba": iyaye ne kaɗai ruwan?

Maman Ilham, Rikkos:
Assalamu alaikum. Jiya a gidan suna wata dattijuwa ta dubi wani saurayi da ya wuce mu bai gaishe mu ba, ta ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba." Marigayi mahaifinsa limami ne a wani ƙauye bayan Bukuru, mutumin kirki. Bayan rikicin jihar Filato na 2010 suka dawo cikin Jos, yaron yana goye. Maganar ta tsaya mini a rai. Anya an yi masa adalci?

Malam na Gangare:
Wa alaikumus salam. Ruwa ba shi da wari, ba shi da yaji, da shi ake rainon albasa, amma ta fito tana sa hawaye. Ana faɗin wannan karin magana idan ɗa ya bar kyakkyawan halin gidansu. Kishiyarta ita ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Dattijuwar ta sa maganar a muhallinta, sai dai ba a jefa wa maraya ita a bainar jama'a.

Ɗan Farin Gada:
Allah gafarta Malam, ni sana'ar gwari nake, kuma na karanta aikin gona. Yajin albasa daga irinta yake zuwa da kuma farar wutar da ke cikin ƙasar da aka shuka ta. Wadda ta sha ƙishi ma ta fi yaji. To idan iyaye ne ruwan, garin da yaro ya tashi shi ne ƙasar. Halin ƙasa albasa ta yi.

Hajiya Babba, Bukuru:
Ɗana, ka faɗi abin da ke bakina. Kakanninmu haƙar kuza ta kawo su daga Kano da Zazzau da Bauchi tun zamanin Turawa, suka zauna a Bisichi da Dorowa Babuje da Gindin Akwati da Barikin Ladi. A irin waɗannan garuruwa babu yaron da ba a san ɗan wane ba ne. Mai shayi ya gan ka kana yawo lokacin makarantar allo, shi zai kora ka, uwarka kuma ta aika masa da godiya. Maƙwabciyarmu Birom ce, a wurinta na koyi gwate, kuma ta sha tsawata mini kamar ita ta haife ni. Da aka ce ɗa na kowa ne, haka muka gan shi da idonmu. Wannan yaro fa? An rabo shi da garin da aka san ubansa, ya tashi a gidan haya, uwa tana fafutukar abinci, maƙwabta kowa ya rufe ƙofarsa. Wa ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga wanda ya haife ka?

Auta, Nyanya:
Hajiya, ku yi haƙuri, ƙauyen nan ba duka alheri ba ne. Idon da ke tsare yaro shi ne ke ɗaure shi. A garinmu ɗan wanzami wanzami ne ko yana so ko ba ya so, yayata kuma tana aji 3 na sakandare aka cire ta saboda surutun mutane. Sai da na zo Abuja aka fara kira na da sunana, ba ɗan gidan wane ba. Malam, idan ɗa ya fi gidansu kirki, za a iya faɗa masa wannan karin?

Malam na Gangare:
A'a, zargi ce, ba a yabo da ita. Wadda ta ɗauki ɓangaren biyu ita ce "ka haifi ɗa, ba ka haifi halinsa ba."

Hajiya Babba, Bukuru:
Abin da aka yi wa yayarka zalunci ne, Auta, ban kare shi ba. Amma durƙuson da kake yi wa manya a Abuja har ake yaba maka, a ina ka samo shi?

Maman Ilham, Rikkos:
Abban Ilham ya san mahaifin yaron, ya yi karatu a zaurensa. Zan roƙe shi ya nemo shi ya riƙa zama a shagonsa na Terminus ranar Asabar. Ɗan Farin Gada, ko kana da gurbin yaro a wurinka idan hakan bai yiwu ba?