Musayar Baitoci: Hutun Iyali a Garin Bakin Teku

Autar Mawaƙa:
Sallama gare ku, yayye da iyaye,
Ga tambaya a fili, ba a ɓoye:
Iyali ne suka sha hanya, a gajiye,
Garin bakin teku suka nufa don hutawa.

Sanyin ƙasashen arewa ya kau, fure ya fito,
Maris zuwa Mayu ne, rana ta leƙo,
Ga goyo, ga yara, me za su ɗauko?
Ina za su sauka, yaushe ne fitowa?

Gwaggo:
Auta, a fara da batun masauki,
Wuri guda, mako guda, shi ne sauƙi,
Mai sauya gida kullum ya ƙara wa kansa aiki,
Hutunsa ya ƙare a ɗauri da kwancewa.

A nemi mai kicin da injin wanki,
A shiga a shinshina kowane ɗaki,
In ya sha rufi duk hunturu, kusurwa kan yi baƙi,
Danshi ne da funfuna, tari suke tayarwa.

Taga mai kallon teku, daɗin ido ce,
Da dare iska ta yi ta bugunta, tsiya ce,
Ɗakin baya a ba mai goyo, dabara ce,
A gwada hita tun da rana, ko tana kamawa.

Sarkin Ruwa:
Gwaggo, kin gama da ɗaki, saura teku,
Ɗumin ranar bazara kar ya ruɗe ku,
Ƙasa ce ke zafi da wuri, in faɗa muku,
Ruwa sai a hankali yake ɗumamawa.

Sanyin hunturu na nan kwance cikinsa,
Ƙasa da digiri 15 na Salshiyas, jiki na jin bugunsa,
Wanda ya faɗa tsulum, numfashi kan kufce masa,
Ya shaƙi ruwa, gwani ma kan kai ga nutsewa.

A shiga da kaɗan-kaɗan, idon sawu, sai gwiwa,
Yaro in haƙoransa suka fara kaɗawa,
Leɓe ya yi shuɗi, to ba sauran tsayawa,
A tuɓe jiƙaƙƙen kaya, tawul, sai lulluɓewa.

A yawancin gaɓa, sau 2 a kwana teku ke cika ya janye,
Awa 6 da 'yan mintoci tsakani, a kiyaye,
Lissafin jiya ba ya aiki yau, a ajiye,
Da kusan minti 50 kullum yake jinkirtawa.

Awar farko rarrafe yake, kamar ba komai,
A ta 3 da ta 4 rabin cikar ke zuwa sosai,
Ya bi kwari ya zagayo ta bayanka sarai,
Tudun yashi ya zama tsibiri, ba hanyar komawa.
Tsayuwar wata da daren 14, cikar ta fi yawa.

Kawu:
Ranka ya daɗe Sarki, ka bar guda a baya,
Wurin da ruwa ya yi lumui, ba kumfa ba hayaniya,
Duhu-duhu tsakanin igiyoyi, sai ka ce hanya,
Nan yake komawa ciki, da mutum yake wucewa.

Wanda ya ja, kar ya yi kokawa da shi,
Ya kwanta rigingine, ya daidaita numfashi,
Ya ɗaga hannu, ya yi iyo yana bin layin yashi,
Mashigin siriri ne, ta gefe ake kuɓucewa.

Tuta mai ja da rawaya, tsakaninsu ake wanka,
In ja ce zalla, ko ƙafa kar ka saka,
Yaro kuwa kar ya wuce tsawon hannunka,
Farkon bazara masu ceto kan yi jinkirin fitowa.

Gwaggo:
Kai, maza! Hutu aka ce, kun cika gargaɗi,
Fita guda a yini ta isa a ji daɗi,
Da safe iska kwance, in ruwa ya janye, yashi ya yi faɗi,
Bayan tsakar rana iskar teku ke tasowa,
Lokacin barcin yara ke nan, sai komawa.

Man kare fata mai lamba 30 ko fiye,
A shafa minti 20 kafin a fita waje,
Duk awa 2 a sake, ko rana na ɓoye,
Sanyin iska ke hana a ji fata na ƙonewa,
Jaririn da bai kai wata 6 ba, hula da inuwa.

Autar Mawaƙa:
Godiya nake, Gwaggo, saura tambaya 'yar ƙarama:
Me ke sa zif ya cije, ƙarfe ya yi tsatsa ma,
Tayar keken goyo ta yi ta kuka tana kakarewa?

Sarkin Ruwa:
Gishiri ne, 'yata, da yashi a gindin taya,
Shi ke jan danshi, ya ci ƙarfe daga baya,
Kowace yamma ruwan famfo, a ɗauraye, a shanya,
Haƙoran zif a goga musu kyandir, sai zugewa.